Gugar Iya a Faifan Mai Jita

"Ki riƙe mata hannun nan, za ta ji wa kanta ciwo!"

Anti ce ta faɗa, babbar 'yar Iya Mai Guga, tana tsaye a bakin gadon uwar. Na riƙe. Hannun Iya na dama, wanda shi kaɗai ya rage yana motsi, ya suɓuce daga nawa kamar jiƙaƙƙen sabulu ya koma kan bargo. Ya tafi gaba, ya dawo baya, ya sake tafiya gaba, sannan ya faɗa kan ƙarfen gado, dum. Ya ɗan huta, ya kuma ɗauka daga farko.

Tun safe take haka. Asibiti sun sallamo ta ne da cewa ciwon ya riga ya ci ƙashi, sai dai a lallaɓa ta a gida. Harshenta ya yi nauyi, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Nas ɗin da ke zuwa duba ta, wadda duk muke kira Sista, ta ajiye jakarta a kan teburin guga tana fasa bakin wata 'yar kwalba.

"Anti, bari in faɗa miki gaskiya kafin in yi," in ji Sista. "Allurar nan za ta ɗauke mata raɗaɗin, amma barci za ta sa ta. Yadda jikin nan ya yi laushi, ba lallai ta sake farkawa ta gane mutane ba. In akwai abin da za a yi mata tana ji, to yanzu ne."

"Ƙannena suna hanya, kuma ba yau za su iso ba. Ki yi mata kawai, Sista. Ba zan iya ci gaba da kallon wannan ba."

Ni ɗakina ne ke kallon na Iya, siririn baranda da igiyar shanya ne kawai a tsakaninmu. Ɗinki nake yi, ana ce min Maman Tagwaye, kuma duk gidan hayar nan an shaide ni da tsoma baki a inda ba a kira ni ba. Ban taɓa musawa ba. Amma ranar nan na yi niyyar in kama bakina, don uwa tasu ce, ba tawa ba. Sai idona ya ƙi barin hannun. Gaba, baya, gaba, dum. Na san wannan tafiyar, na shekara da shekaru ina jin ta ta ƙofar ɗakina.

Ɗakin da ke jikin na Iya wani saurayi ne ya zauna a ciki, dogo, siriri, mai aiki a shagon gyaran firji da rana, da yamma kuma ya rungumi jita. Mai Jita muke ce masa. Da farko ni ce kan gaba wajen mita, ina cewa an kawo mana mai kukan yamma. Muryarsa mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi, kamar ta wanda bai daɗe da tashi daga barci ba, kuma shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa. Da ya tashi ɗaukar faifansa na farko bai je ko'ina ba, a ɗakin ya yi. Iya ce ta dinga ara masa bargunan da aka kawo mata guga yana toshe taga da ƙofa, a kan sharaɗin ya dawo da su kafin masu su su zo.

Sai dai barguna ba su hana gugar Iya shiga ba. Teburinta na jingine da bangonsa, duk sa'ad da ta goga ta dire dutsen guga, sai bangon ya amsa. Ya zo ya durƙusa mata.

"Iya, don Allah ki ɗan dakata min, ko na rabin yini ne."

"In dakata? Gawayin da na hura fa, kai za ka ce masa ya jira? Kai dai ka yi waƙarka, ni in yi gugata."

Da ya ga ba ci, sai ya bi ta. Ya zauna yana sauraron bangon, ya sassauta jitarsa har ta yi daidai da tafiyar dutsen gugar, ya ɗora waƙar ƙarshe ta faifan a kai. Ba ganga a cikinta, ba komai, daga shi sai jita sai Iya a bayan bango. Bayan faifan ya fito na ji shi a motar haya, na ji shi a wurin mai sayar da zare. Wata mata da na yi wa ɗinki ta ce min abin da ya sa take son sa, ji take kamar yaron yana zaune a gefen katifarta, har numfashinsa da kukan kujerarsa ana ji. Ta ce kiɗan nan na waƙar ƙarshe shi ke kashe mata jiki, ko wane irin abin kiɗa ne? Na yi dariya har allura ta soke ni.

Iya kuwa ba ta taɓa jin sa ba. Tana kwance a asibiti ya fito. Mai Jita ya je da kansa zai sa mata, Anti ta tare shi a bakin ƙofa ta kore shi, saboda a waƙar akwai inda ya ce, "Ta dafa tukunyar gida guda, ta zauna ta ci ita kaɗai." Wata abokiyar aikinta ce ta rera mata wannan a ofis, ta tambaye ta ko ba gidan mamanta ba ne. Tun daga nan Anti ta rantse ba za a sa waƙar inda take ba. Shi kuma ya tafi yawon wasanninsa a wasu garuruwan. Rannan da na je dubiya, lokacin bakin Iya na buɗe, ta jawo mayafina ta ce a hankali, "Ya fito ko? In mun koma gida ki sa min, in ji ko na yi ƙoƙari." Muka koma gida, Anti ta tare a ɗakin, ko nan da can ba ta zuwa.

Sista ta zuƙe ruwan kwalbar cikin sirinji, ta ɗaga shi sama tana ɗan ƙwanƙwasawa da farce.

"Sista, tsaya," na ce.

Duk suka juyo.

"Anti, hannun nan ba ciwo kaɗai yake faɗa ba. Guga take yi. Waƙar yaron nan take nema."

Fuskar Anti ta sauya nan take. "Maman Tagwaye, ina ganin mutuncinki. Kada ki kawo min maganar ɗan iskan nan a kan gadon uwata."

"Ita ta roƙe ni, a asibiti, da bakinta."

"Ya tona mana asiri a duniya! Ya sa ana nuna ni da baki, wai mun yar da uwarmu. Ya san sau nawa na ce ta dawo wurina ta ƙi? Ya san abin da nake bari in zo nan? Ya samu abin rerawa, ya yi suna, mu ya bar mu da kunya."

"Ban ce ya kyauta miki ba."

"To ki dube ta!" Ta nuna goshin Iya, inda gumi ya tsattsafo, jijiyar wuya ta miƙe. "Ki dube ta da kyau. So kike in bar ta cikin wannan azaba saboda waƙa?"

Na duba. Leɓunan Iya sun bushe, numfashinta na fita da ƙyar. In fa ni ce na ga abin da nake so in gani? In ciwo ne tsantsa, ni kuma na tsaya ina yi wa mai mutuwa fassarar hannu? Na juya wurin Sista ko za ta raba mu.

"Tana jin ciwo, wannan ba shakka," in ji Sista. "Ko tana neman wani abu, ni ban isa in sani ba, ku kuka zauna da ita. Abin da na sani, kunne shi ne ƙarshen abin da ke tafiya. Kuma akwai marasa lafiya da ke jirana, in na fita sai gobe. Anti, ke ce mai cewa."

"Ki yi mata."

Sista ta janye hannun rigar Iya, ta jiƙa auduga, warin maganin ya cika ɗakin. Ta goga a damtsen. Iya ta buɗe ido, ta wuce 'yarta, ta wuce Sista, ta tsayar da shi a kaina. Hannun ya faɗa kan ƙarfe da ƙarfin da bai yi ba tun safe. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi, ban ma san na wa ba.

"Anti, muryarta na ciki," na ce.

"Me?"

"A ƙarshen waƙar. Ta yi magana ta bango, na'urar ta ɗauka, bai goge ba. Ke ba ki taɓa ji ba, baiti ɗaya aka rera miki. Rabonki da jin muryar uwarki tun yaushe?"

Sista ta tsaya da allura a hannu, ba ta soka ba, ba ta janye ba. A waje wani ya buɗe famfo, ruwa na zuba a bokiti. Anti ta dubi uwar, ta dubi bangon.

"Doguwa ce?"

"Ba ta kai a goge riga biyu ba."

Anti ta zauna a bakin gadon, ba ta hana ni ba. Na tsallaka baranda da gudu, igiyar shanya ta fizge min ɗankwali ban tsaya ɗauka ba. Na dawo da waya, cikin gaggawa na latsa wata waƙar daban, na yi tsaki, na sake nema. Sannan na ajiye ta a kan matashi, dab da kunnen Iya.

Jitar ta fara, a hankali, kamar mai taka ƙasa kada ya tashi yaro. Sai ga shi daga can ciki, a dushe, gaba, baya, gaba, dum. Hannun Iya ya tsaya cak. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata mata lokaci a banza. Sai ya ɗaga, ya jira, ya shiga daidai inda dutsen gugar ya sauka, bai yi gaba ba bai yi baya ba. Iyar da ke cikin waya da Iyar da ke kan gado suka kama aiki tare. Gumin bai daina ba, jijiyar wuyan ba ta kwanta ba, amma gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

Da ya zo kan baitin tukunya, Anti ta runtse ido, ta damƙe zanin gado. Na zaci za ta fizge wayar. Ba ta taɓa ta ba. Yaron ya ci gaba, muryar tana ɗan karyewa a inda ya ja ta sama, ya rera rigunan mutane da ke fita daga ɗakin Iya a miƙe su tafi wuraren da ita ba ta taɓa zuwa ba. Jitar ta yi ƙasa, ta mutu. Aka ji kukan kujera. Sai ƙwanƙwasa bango, sai muryar Iya, garau, da faɗanta da komai.

"Kai, ka gama? To ka yi min shiru haka nan. 'Yata ta kusa tashi daga aiki, yanzu za ta kira ni. Kullum sai ta kira."

Aka ji Mai Jita yana dariya yana cewa, "To, Iya," faifan ya ƙare.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Anti, ta kifa fuskarta a kan bargon, daidai inda hannun ke wucewa. Hannun ya zo ya same ta a hanya. Bai koma kan ƙarfe ba, ya tsaya a kan gashinta, yana tafiya gaba, yana dawowa baya. Na juya na kalli taga, don ni ma idona ya cika.

Sista ta bari aka ɗan jima, sannan ta ce a hankali, "Anti, in yi?"

Anti ta gyaɗa kai ba tare da ta ɗago ba.

Iya ba ta sake farkawa ba. Washegari da hantsi ta cika, ƙannen Anti suna shigowa da jakunkuna a hannu. Aka yi mata sutura, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, har da waɗanda ni ban san su ba sai ta rigunansu. Mai Jita ya kira ni yana kuka, na ce masa ta ji, kuma ta bi shi har ƙarshe ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Da aka watse, ranar da za su kwashe kaya, na fito shanya na tarar da Anti zaune a dokin ƙofar ɗakin, takalmanta a gefe, mota na jiranta a waje. Ta kara waya a kunne, ta saurara kaɗan, ta sauke, ta ja yatsa ta mayar da waƙar baya kaɗan, ta sake karawa. Direban ya yi hon. Ta ɗaga masa hannu alamar ya jira, ta kuma mayar da ita baya.