Man da Alwala Ke Wankewa

"Ɗaga haɓa, Baba," in ji Kezia. "Kar ka motsa."

Ɗantani ya ɗaga. Shekararsa hamsin da bakwai a duniya, fiye da talatin a ciki yana sana'ar kilishi a Jimeta, bai taɓa zaton zai zauna a kan kujerar roba a shagon kayan kwalliyar mata ba, yarinya sa'ar 'yarsa tana dangwala masa mai a muƙamuƙi. Matan da suka shigo sayen gashi da turare suna kallonsa ta madubi, su kawar da kai, su sake kallo.

Abin ya faro ne bara. Ɗigon fari a gefen baki, kamar wanda ya sha nono bai goge ba. Kafin damina ta wuce ya haye kumatun hagu, ya taɓa saman gira. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Likitar fata ta ce launin wurin ne ya tafi, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Sai dai fatar da ta rasa launi ba ta da garkuwa, rana cin ta take yi. Wannan kam ya riga ya sani, don tun shigowar zafin Maris wurin ke yin ja yana ɓarewa.

"Ka guji rana, Baba," likitar ta ce masa.

Bai yi mata dariya ba saboda girmamawa. Kilishi ai rana ce ke yin sa. Kai dai naka yanka da shanya. Da ya faɗa mata haka sai ta rubuta masa man kare fata a takarda, ta zagaye wata lamba da biro.

Na farkon a wani kemis kusa da tasha ya saye shi. Fari ne, mai kauri, in ya shafa sai fuskarsa ta koma kamar an tsoma ta a toka, in gumi ya zo kuma ya yi ta zane-zane har wuya. Haka ya yi mako biyu. Ranar Alhamis Hajiya Zulfa ta zo. Shekara tara ke nan a wurinsa take ɗaukar kilishin da take zubawa a kantinta na unguwar Karewa, rabin naman da yake shanyawa nata ne. Ta tsaya a bakin rumfa, ta kalli fuskarsa fiye da yadda ta kalli kaya, ta ce za ta dawo. Ba ta dawo ba. Jiya ta kira a waya ta ce za ta shigo bayan azahar su yi magana. Ɗantani ya daɗe a kasuwa, ya san irin maganar da ake sa wa lokaci.

Shi ya sa yau tun ƙarfe tara ya bar nama a kan asabari ya hau keke zuwa cikin babbar kasuwa.

"Wancan da ka saya ba wai bai da kyau ba ne," Kezia ta ce tana duba tsohuwar robar da ya miƙa mata. "Yana karewa. Amma ba a yi shi da irin fatanmu a zuciya ba. Ko ni in na sa, sai a ce na fito daga injin niƙa." Ta mayar masa. "Mu ga takardan likita."

Ya ciro ta daga aljihun jamfa, ta yi laushi da gumi. Ya nuna lambar da yatsa.

"Nan ne nake ganin an yi kuskure, 'yata. Hamsin ta rubuta. Ni kuwa na wuce hamsin da bakwai. Ina jin shi ya sa bai karɓe ni ba. In da na 'yan sittin, ba ni shi."

Kezia ta danne baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa. Wata mata mai gwada jan baki ta juyo.

"Baba, ba shekaru ba ne. Ƙarfin man ne. Talatin yana yi, amma kai da kake wuni a waje, hamsin ɗin nan shi ne naka. Ko jikanka hamsin zai shafa."

"To ai sai su rubuta yadda mutum zai gane."

"Sun rubuta. Kai ne ba ka sa tabarau ba."

Ya bar ta da wannan. Tabarau ba shi ne matsalar ba, su duka biyun sun sani.

Layi uku ta ja masa a muƙamuƙi, kowanne ya tashi daga baƙar fata ya haye kan farar. Ta ce kar ya yarda da hasken ƙwan shago, ƙarya yake yi. Ta ɗauki ƙaramin madubi ta ja shi bakin ƙofa, inda rana ta riga ta fara dukan kwano. Masu baro na wucewa suna neman hanya.

Na farko ruwa-ruwa ne, ya shige fata ya ɓace, bai bar toka ba, amma farin wurin yana nan sarai, har wani sheƙi ya ƙara. Na biyu mai launi ne, ya yi ja da yawa, kamar jan ƙasa. Na uku ya tsaya yana kallo. Launinsa ya tuna masa da labu, kunun tunkuza da yajin da ake tsoma kilishi a ciki, idan ya sha rana rabin wuni. A kan baƙar fata ba ka ganinsa. A kan farar ya kwantar da ita, ya rage mata ihu.

"Ba zai ɓoye duka ba," in ji Kezia. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wanda ya matso zai gani. Amma daga nesa, mutum zai gaishe ka kafin ya kalli wurin."

"Shi nake so."

"Ka iya zaɓe. Kuma wannan, ko gumi ko ruwa ba ya cire shi da sauƙi. Ka watsa ruwa, sai ka ga yana gangarewa kamar a kan leda. Da safe ka shafa, sai dai ka ƙara a kai."

Har ta fara neman leda za ta sa masa. Ɗantani ya riƙe madubin bai sake ba.

"Kika ce ruwa ba ya shiga?"

"Shi ne kyaunsa."

"To alwalata fa?"

Kezia ta tsaya da ledar a hannu. A Jimeta aka haife ta, maƙwabtanta a unguwar Limawa duk masu sallah ne, da kiran asuba take tashi zuwa cocin safe. Amma shekara shida tana sayar da man nan, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Sai dai ka tambayi malami. Wataƙila ba komai."

"Wataƙila." Ya shafa layin na uku da babban yatsa. "In na je, wani ya ce ba komai, wani ya ce da komai. Ni kuma in tsaya a sahu zuciyata tana kan kumatuna. Ba wanda ruwa ke ɗaukewa?"

Akwai. Ta tono shi daga ƙasan kanta. Hamsin ne shi ma, launinsa ya kusa da wancan, sai dai ya ɗan fi haske, kuma bai kai shi rufewa ba.

"Wannan kam duk wanke fuska sai ka sake," ta ce. "Azahar ka sake, la'asar ka sake. Ko ba ka wanke ba, bayan awa biyu ka ƙara. Yatsa biyu, daga tushe zuwa kai, kar ka yi masa rowa. Har kunne da bayan wuya. Ka ba shi minti goma sha biyar a inuwa kafin ka fita. Za ka gaji, Baba."

"Na daɗe da gajiya. Ba ni."

Ta shafa masa na farko da hannunta don ya ga yadda ake yi. Siriri, a baza, a jira, a ƙara. Ya ce a ransa ai wannan labu ne, ba wani ilimi ba. In ka kwaɓa da yawa lokaci guda ya yi ɓawo ya zube.

Da ya koma rumfa, Bappayo dillalin shanu na zaune a kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shi ke nemo masa sa tun suna da gashi a ka, kuma shi ya fi kowa cin fuskarsa a makonnin toka.

"Jam na, amarya?" Bappayo ya gaishe shi da Fulatanci. Ya ƙanƙance ido ya matso. "Kai. Ina tokar?"

"Na bar ta a murhu."

"To me ka shafa? Ɗantani, kar dai a wannan shekarun ka shiga layin masu bilicin."

"Mai bilicin fari yake nema. Ni baƙi nake nema ban samu ba. Matsa, ka tare min iska."

Ya shiga rana. Ya juya faifayen nama ɗaya bayan ɗaya a kan asabari, yana ɗaga kowanne sama ya ga haske ya ratsa shi. Gumi ya zo kamar kullum, amma bai ga farin ɗigo a gaban riga ba. Kumatun ma bai yi masa zugin nan na ƙarfe goma sha biyu ba. Sau biyu ya leƙa fuskarsa a gilashin waya. Ya lissafa: sallah, ya dawo, ya shafa, ya zauna minti goma sha biyar. Hajiya ba ta taɓa zuwa kafin ƙarfe uku ba.

A bakin famfon masallaci ya ɗebi ruwa a tafi ya kai fuska. Sau uku. Ruwan ya sauka da launin shayi, ya bi kwata. Ya ji sanyinsa a kan fata kai tsaye, ya kuma ji idon na kusa da shi.

Da suka idar, tun daga nesa ya hango motar a gaban rumfa. Ƙarfe biyu da kwata. Hajiya Zulfa na tsaye a ƙarƙashin lema, tana duba asabari. Robar man na cikin aljihunsa. Ya duba hagu da dama, babu wani lungu tsakaninsa da ita, sai fili da rana. Ya ƙarasa a haka.

Suka gaisa. Ta tambayi matarsa Huseina da jikoki. Ta kalli kumatun, fari fat, gefensa na ɓarewa.

"Hajiya," ya ce, "ba a ɗauka. Likita ta ce launi ne kawai ya tafi. Takardar na nan in kina son gani."

"Malam Ɗantani, wa ya tambaye ka? Yayar babata da irinsa ta rayu, a kwano ɗaya muke ci." Ta gyara riƙon lemar. "Ranar Alhamis ina tsaye a nan, wani farin abu na ɗiga daga haɓarka, kai kuma kana sunkuye a kan nama. Ban san mene ne ba. Abin da zan sa a kanti mutane su ci ne. Na rasa yadda zan faɗa maka, kai ba yaro ba."

Bappayo ya sami abin kallo a kan sandarsa.

Ɗantani ya ji kunya ta taso masa daga wuya, wata iri dabam da wadda ya kwana biyu yana dako. Ya shiga inuwar rumfa, nesa da asabari, ya zauna a kan benci ya ciro robar. Ya matsa a yatsa biyu, daga tushe zuwa kai. A gaban Hajiya, a gaban Bappayo, a gaban masu keken da ke jiran fasinja a tsallake, ya shafa. Siriri, ya baza, ya jira, ya ƙara. Sannan ya wanke hannu da sabulu har gwiwa.

"Minti goma sha biyar yake so," ya ce. "Daga nan in fita rana ki gani ko zai ɗiga."

Hajiya Zulfa ta duba agogo. Ta duba motar. Ta naɗe lemar, ta sa gefen gyale ta kaɗe ƙarshen bencin, ta zauna.

Ƙudaje na kewaya ragar da ke kan nama. Can ta karkata kai tana nazarin fuskarsa, kamar yadda take nazarin kilishi kafin ta ce a ɗaure.

"Ka bar gefen kunne," ta ce.

Ɗantani ya sake buɗe robar.