Ruwan Zafi Don Tarwaɗa

Tun da Falmata ta tafi karatun kiwon kifi can arewacin Turai, uwarta Yakaka ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Yarinyar ta kama ɗaki ita kaɗai, ta ƙi hulɗa da kowa, kullum muryarta a waya sai ƙara dusashewa take. In an tambaye ta, ta ce lafiya lau. Yakaka ta san ƙarya ce, amma daga nan unguwar Kwaciri me za ta iya? Sai duk fargabar ta ƙare a kan tarwaɗar da 'yar ta bar mata a tankin siminti na tsakar gida.

Wata safiya cikin Janairu, ana tsananin sanyi, ta watsa musu abinci, ko ɗaya bai taso ba. Ta leƙa. Sun cunkushe a lungu guda can ƙasa, kai da kai, kamar mata a gidan makoki. Ta buga gefen tankin da kwano. Ta zura muciya ta tarwatsa su, suka sake haɗuwa. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma, ta manta abin da ya kai ta. Ƙarshe ta ɗora babbar tukunya. Mai jin sanyi ruwan zafi ake sirka masa, ita ba ta ga abin da ya raba kifi da mutum ba.

Ruwan na tafasa sai ga Uchechi, mai shagon farfesu a Sabon Gari, wadda ke ɗaukar kifi a gidan duk mako.

"Hajiya, biki ake yi ne ban sani ba?"

"Kifin ne ke jin sanyi."

Uchechi ta dire bahonta. "Ki bari ni in dafa su a shago, kar ki riga ni. Ba wannan 'yarki ke karantawa ba? Kira ta mana."

Falmata ta ɗauka a kira na uku, ta bidiyo, lulluɓe da bargo. A bayanta kujera ɗaya, faranti ɗaya. Yakaka ta ga wannan kafin ta ga fuskar. Ta juya wayar ta nuna mata tanki da tukunya.

"Inna, sauke tukunyar nan, kashe su za ki yi. Lafiyarsu ƙalau. Ki rage abinci, ki rufe tankin da tabarma. Tsaya ki gani."

Falmata ta haska mata fuskar kwamfutarta. Wani tafki ne da samansa ya daskare, 'yan ajinsu suka huda ƙanƙarar suka zura kyamara. Can ƙasa, cikin ruwa mai duhu, ga kifaye ɗaruruwa a cure, suna kallon gefe guda, da ƙyar suke kaɗa wutsiya.

"Ƙasan ya fi ɗumi," in ji Falmata, muryarta ta ɗan buɗe. "Sai su taru can, su rage motsi har sanyi ya wuce. Wanda ya ware shi kaɗai, shi manyan kifaye ke fara haɗiyewa."

"Wannan aka koya miki?"

"Shi na rubuta a jarrabawa ma."

"To ke fa?"

Falmata ta ja bargo har haɓa. Uchechi ta juya ta hau gyaran bahon da ba abin da ya same shi.

"Akwai wata Gumsu, 'yar Maiduguri, a hawan ƙasa," Falmata ta ce a hankali. "Sau uku tana kirana cin abinci. Kunya nake ji, Inna."

"Tashi ki je. Kar ki kashe wayar."

A wayar Yakaka ta ga silin, ta ga matakala tana rawa, ta ga wata farar ƙofa. Hannun 'yarta ya ɗaga, ya tsaya, ya sauka. Ya sake ɗagawa, ya ƙwanƙwasa. Daga ciki wata murya ta amsa da Kanuri.

Sai lokacin Yakaka ta jawo kujera ta zauna.