Zaren da Haƙori Bai Yanke Ba

Wajen ƙarfe goma na safe hadari ya haɗu ta gabas ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗumi kamar an rufe tukunya. Awaisu ya tsayar da yalo-yalonsa, keken da yake ɗaukar fasinja da shi, a ƙofar shagon Maltiti da ke Gumbihini. Ya zagayo ya kama hannun kawunsa.

"Akwai kwata, Kawu. Ɗaga ƙafa."

"Na san kwatar nan tun uwarka tana goye," in ji Kawu Sidiki. Amma ya ɗaga.

Yanar ido ta cinye ganin tsohon, sai haske da inuwa kawai yake bambancewa. Gobe 'yarsa Rahimatu za ta zo daga Kumasi ta tafi da shi, an ma riga an ɗaure kayansa. Bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi dam ɗin da ke bayan Kasalgu yau, domin akwai wata tsohuwar tarwaɗa a can da suka daɗe suna ja-in-ja. Ta sha tsinke masa zare ta tafi da ƙugiya. Shi kuwa duk rayuwarsa da hannu yake fatsa, zare naɗe a jikin gwangwani. Yanzu ƙarfin ya ragu, shi ya sa Awaisu ya lallashe shi su gwada kayan zamani.

Maltiti kayan gwanjo take sayarwa, waɗanda yayanta ke turo mata daga Turai. A bayan firji da kekunan yara akwai wani bokiti cike da sandunan fatsa.

"Baba Sidiki, yau kai ne a shagona? Ko amarya za ka yi wa sayayya?"

"Amaryar tana cikin ruwa," ya ce. "Miƙo sandunan."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, yana dafa kan kowace a ƙasa yana lanƙwasawa. Ta farko ya ce ta kamun karfasa ce. Ta biyu ya ce ta fi kyau da korar awaki. Ya tsaya a kan wata gajera mai kauri, wadda samanta ke lanƙwasuwa amma gindinta ya ƙi, ya rungume ta a hammata. Injin naɗe zare kuma da kunne ya zaɓe shi. Awaisu yana juya hannun injin, shi yana saurare. Wanda ya yi ƙaras-ƙaras ya ce yashi ya shige shi. Suka ɗauki wani babba mai nauyi da ke juyawa shiru.

"Kun ga wannan murfin na sama?" in ji Maltiti. "Ba a ɗaure shi tamau. In kifi ya ja da ƙarfi, injin zai riƙa sakar masa zare yana kuka. Ku bar shi ya gudu, shi zai gajiyar da kansa."

"In bar kifi ya gudu," in ji tsohon, ya juya fuska wajen Awaisu. "Ka ji ilimin Turai."

Saura zare. Ta ba shi na roba, irin wanda ya saba da shi, ya sa a baki ya datse shi nan take, ya tofar. Sai ta ɗauko wani kore, siriri, tufkakke kamar kitson yarinya. Ya ciza. Ya sake cizawa da turame. Ya murza shi tsakanin yatsu, fuskarsa ta saki a karo na farko tun da aka fara maganar Kumasi.

"Wannan ne."

Da Awaisu ya zo karɓar kayan, Maltiti ta rage murya. "Ɗan'uwa, kada ka bari ya naɗa zaren nan a hannu. Ba ya miƙewa, ba ya tsinkewa. In ya ɗaure, reza ne."

A hanya Awaisu ya faɗa wa kawunsa, ya kuma maimaita da suka wuce kwanar Kasalgu.

"Tuƙa abinka," in ji Kawu.

Sun isa bayan azahar. Ruwan dam ɗin ja ne, shanu suna sha a ɗaya gefen. Tsohon ya soka hanjin kaza a ƙugiya da kansa, ya ce a jefa dama da busasshen itacen nan, inda ƙasa ke da rami. Awaisu ya jefa ya faɗa kusa, ya naɗe, ya sake, har aka dace. Ya ɗora sandar a hannun kawunsa ya zauna a gefe.

Suka daɗe. Hadarin ya matso, iska ta tsaya cak.

"A Kumasi ɗin ma akwai ruwa, Kawu."

"Akwai. A famfo."

Awaisu ya kori ƙuda daga ledar hanjin.

Can kan sandar ya duƙa, ya sake duƙawa, sai injin ya fara kuka, zare yana fita da gudu. Awaisu ya tuna maganar Maltiti, ya buɗe baki zai ce a bar ta. Amma a kunnen Kawu Sidiki zare mai fita yana nufin kifi mai tafiya. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi. Ya yar da sandar, ya cafki zaren, ya naɗe shi a tafinsa, ya turje.

Zaren ya miƙe kamar waya. Tsohon ya zame zuwa cikin taɓo, Awaisu ya riƙe ƙugunsa. Jini ya fara bin koren zaren yana ɗiga.

"Kawu, sake. Don Allah ka sake."

"Tana zuwa."

"Hannunka ne ke tafiya, Kawu."

Ko ya so sakewa ba zai iya ba, zaren ya riga ya nutse cikin nama. Awaisu ya gwada warware naɗin da yatsa, shi ma zaren ya yanke shi. Ya duba ko'ina, ba kowa sai shanu. A tsakiyar ruwan wani baƙin baya ya taso, kai faffaɗa kamar faranti, ya juya a hankali.

"Ta fito ko? Na ji ruwa. Yaya take?"

"Babba ce, Kawu."

"Na gaya muku. Ba wanda ya yarda." Yatsunsa sun fara yin fari. "Riƙe ni kawai. Kada ka taɓa zaren nan, Awaisu."

Wuƙar da suka yanka hanji da ita tana nan kan dutse. Awaisu ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauko, ya ɗora bakinta a kan zaren. Ko dannawa bai yi ba, zaren ya yanke.

Suka faɗi zaune a taɓo. Ruwan ya yi 'yan da'irori ya kwanta.

Awaisu ya warware sauran zaren daga cikin raunin a hankali, ya cire rigarsa ya ɗaure hannun. Ya ce za su biya asibiti a ɗinke. Ya ce ya yi haƙuri. Tsohon kuwa fuskarsa tana wajen dam ɗin. Da aka tashe shi ya miƙe, da aka zaunar da shi a bayan keken ya zauna. Yayyafi ya fara sauka a kan rufin.

Awaisu ya ɗaure sandar a gefe, har ya hau zai tayar, sai ya ga ƙafar kawunsa ɗaya ba takalmi. Ya koma bakin ruwan, ya lalubo shi cikin taɓo, ya wanke shi ciki da waje, ya goge a wandonsa. Ya dawo ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar ya sa masa.

Kawu Sidiki ya janye ƙafarsa ciki, don kada ruwan sama ya jiƙa ta.