Loma Ɗaya a Teburin Mista Lam

Kwana huɗu Zikrullahi yana kulle a wurin 'yan sanda a Minna, a kan man dizal ɗin da bai sata ba. Direba ne a wani kamfanin fasa dutse na 'yan China a hanyar Zungeru. Uwarsa Rahmatu ta yi sintiri har takalminta ya tsinke. Magana ɗaya ake ba ta: wanda ya kawo ƙara shi zai janye, in ba haka ba gobe kotu.

To, ta ɗaura ɗamara ta hau mota daga Tudun Wada zuwa kamfanin, ko koko ba ta sha ba.

Ta tarar da manajan da ya kai ƙarar, Mista Lam, zaune yana shan shayi, akwatunansa a bakin ƙofa. Yau zai wuce Abuja, daga nan sai ƙasarsu. Gabansa 'yan kwandunan gora ne suna tururi. Wani ƙunshe-ƙunshen fulawa ne fari tas, ana hango jatan lande ta cikin fatar. Wani ƙafafun kaji ne, har da farce. Ga wasu dunƙule kamar ƙosai an birkiɗa su cikin riɗi.

Rifkatu tafinta, 'yar Kudancin Kaduna da ta iya yarensu, ta ja mata kujera.

"Mama, ya ce ki zauna ki ci. Dim sam suke ce masa."

"Ko ubansa suke ce masa ba zan ci ba. Ɗana na zo karɓa."

"Babu alade, Musulmi ne kukun."

"Ke 'yar nan, ba alade nake tsoro ba. A gidanmu ba a cin abincin wanda ake shari'a da shi. Na ci, na yafe ke nan. Da wane bakin zan zage shi?"

Rifkatu ta rage murya. "Shi kuma a wurinsu, wanda ya ƙi cin abincinka ya ƙi ka. Ba zai saurare ki ba. Ƙarfe sha ɗaya motarsa za ta tashi."

Rahmatu ta dubi mutumin. Yana ta tsintar abinci da sanduna biyu, ko a jikinsa. Ta tuna Zikrullahi jiya, ido ya faɗa, yana cewa, "Inna, bokitin bahaya ɗaya ne mu goma sha biyu."

Ta kai hannu, ba ruwanta da sandunansu, ta ɗauki mai riɗin ta tura baki. Waje ƙamas, ciki danƙo, can tsakiya wani zaƙi kamar na wake da sukari. Abin haushin, yana da daɗi. Ta haɗiye da hawaye.

Mista Lam ya yi murmushi ya zuba mata shayi da kansa. Ta zayyana masa komai: ranar da man ya ɓace ɗanta yana asibiti da matarsa mai naƙuda, ga katin asibitin. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya yi magana.

"Ya ce in ya isa Abuja zai buga waya."

"Waya? Wayar banza! Wa zai saki mutum a kan waya?"

Sai ga direba ya shigo ɗaukar kaya. Mista Lam ya miƙe, ya sa aka ƙunsa mata sauran kayan zaƙin a takarda. Wato an sallame ta.

Rahmatu ta riga kowa fita. Ta buɗe ƙofar baya ta jif ɗin, ta shige, ta naɗe bel ɗin kujera a damtsenta sau uku.

"Mama, don Allah ki fito!"

"Hanyar Abuja ta Minna take bi. Gaya masa na ci nasa, ba zan zage shi ba. Amma sai dai a yanke hannun nan."

Maigadi ya matso, ya dubi furfurarta, ya koma. Mista Lam ya dubi agogo, ya dubi tsohuwar. Ya faɗi wani abu a gajarce ya shiga gaba.

"Ya ce minti goma zai tsaya a ofishin 'yan sandan. Ko ɗaya ba zai ƙara ba."

"Shigo ke ma," in ji Rahmatu. "Wa zai fassara? Direba, taka mota."