Gwangwanin Allurai da Jan Babur

Sau uku aka ƙwanƙwasa bangon, kamar kullum. Tela ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ta duba tabarma ta ga jikarta idonta biyu, sannan ta ɗauki almakashi ta buga sau biyu. Ma'anarsa, yarinya ba barci take ba, ku tayar da inji.

Shekara ashirin ke nan bango ɗaya ne tsakanin shagonta da garejin maƙwabcinta, dattijon da ake kira Mai Kunne. Manyan baburan tsere ake kawo masa, yana ɗora su a kan na'urar gwaji da suke kira daino. Tela ta taɓa leƙawa sau ɗaya. Ta ga an ɗaure babur da bel ta ko'ina, tayar baya tana kan wata gangar ƙarfe mai juyawa, ƙatuwar fanka tana hura masa iska. Aka murɗa totur har ƙarshe, babur ya yi ta gudu bai gusa ba, kwamfuta kuma tana zana wani layi mai hawa, wai shi ne ƙarfin injin. Ta koma shagonta da mamaki, kunya ta hana ta tambaya.

A wannan shekarar numfashi ya yi wa Mai Kunne ƙaranci, likita ya hana shi shiga garejin saboda hayaƙi. 'Yarsa Auta ce ta riƙe aikin. Hannunta ya faɗa, amma kunnen uban bai gama zama nata ba. Ga kuma jan babur ɗin wani ɗan tsere ya kwana tara a kan na'urar. Layinsa yana hawa lafiya, sai ya kai juyi dubu bakwai a minti ya faɗa ɗan rami kafin ya ci gaba. A daidai nan ne, in ji mai shi, babur ke yi masa gardama in ya fito daga kwana. Mai Kunne bai taɓa mayar da babur da rami a layinsa ba, kuma ya san wannan ne na ƙarshensa.

Ran nan, bayan gwajin ya lafa, sai ga shi a ƙofar shagon, Auta ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun da kujerar roba.

"Maƙwabciya, aron bango na zo."

"Bangon da ka gama girgiza mini? Shigo, Malam. Auta, kawar da waɗancan yadudduka."

Aka ajiye kujerar a jikin bango. Ya zauna yana haki, ya jingina kunne. Jikar Tela, 'yar shekara huɗu, ta matso ta jingina nata.

"Hajiya ƙarama, ke ma aikin kika zo?" ya ce. "To, ki yi shiru, manya za su saurara."

Auta ta koma ta tayar. Ƙarar ta fara daga ƙasa, ta yi ta hawa har hotunan ɗinkin da ke bango suka kama rawa, sannan ta sauka. Mai Kunne ya juyo yana kallon Tela kamar yau ya fara ganinta.

"Haka kike ji?"

"Haka."

"Shekara ashirin?"

"Har da wata uku."

"Ki yafe ni, baiwar Allah."

"Na yafe tun a shekara ta biyu. Amma wannan jan naka shaƙuwa yake yi."

Ya ɗago. "Wa ya gaya miki?"

Ta nuna masa wani tsohon gwangwani a kan kanta, inda take zuba allurai. Duk babur ɗin da aka tayar, gwangwanin yakan kama kaɗawa, zirrr, daga farko har ƙarshe. Amma da wannan jan, yana cikin kaɗawa sai ya ɗauke na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba. Ta ce kwana tara ke nan abin yana damunta, har takan tsayar da keke ta jira wurin.

Mai Kunne ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu kansa ya ce, "Ni na sayi na'ura, ashe ta gaske tana nan."

Daga nan kunyar Tela ta tafi, tambayoyin shekara ashirin suka fito. Me ya sa sai an hura masa fanka? Saboda a kan hanya iska ce ke sanyaya shi, a nan kuwa babu hanya. Me ke kawo shaƙuwar? Ya ce inji iska yake ci da mai, wuta kuma ta kunna su. In mai ya yi kaɗan, ko wuta ta makara, sai ya yi tuntuɓe.

"To ai ɗinki ne," in ji Tela. "Zaren sama da na ƙasa. In ɗaya ya fi ƙarfi sai ya cukurkuɗe. Amma ni ba na taɓa su biyun lokaci ɗaya, don ba zan san wanda ya yi laifin ba."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana goge hannu. Uban ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

"Auta, me kika taɓa yau?"

"Mai na ƙara, Baba."

"Sai me?"

"Na ɗan matsar da wuta."

"Jiya fa?"

"Su biyun." Muryarta ta yi ƙasa. "So nake in gama ka gani."

Tela ta shiga zura zare a allurar da ba ta buƙatar zare.

"Na sani," ya ce a hankali. "Mayar da komai inda yake. Abu ɗaya, gwaji ɗaya. In ya huce, a sake."

Kwana uku suka yi a haka. Auta takan ƙara mai kaɗan, ta ƙwanƙwasa, Tela ta amsa, ita da Mai Kunne da jikar su zuba wa gwangwani ido. Tsakanin gwaji da gwaji sai an jira inji ya huce, a nan ne yake ba Tela labarin babura, ita kuma ta nuna masa yadda ake ɗaura hannun riga. Shirun gwangwanin ya yi ta raguwa, amma bai tafi ba.

Ran na uku da la'asar ya ce, "Mai ya isa haka. Saura wuta. Ki matso da ita gaba, digiri biyu, kada ki ƙara."

"Bari in yi yanzu, Baba."

"A'a. Ya sha gudu yau, ga garejin ya ɗau zafi. Inji mai zafi ƙarya yake yi. Gobe da safe."

"Baba…"

"Gobe da safe, Auta."

Ya miƙe da ƙyar. Tela ta ce a bar kujerar, tunda gobe ma ana nan.

Washegari da hantsi ba a ƙwanƙwasa bango ba. Abin da Tela ta ji ta cikinsa muryar Auta ce tana kiran ɗan'uwanta a waya, daga yadda take maganar kuwa ta gane Mai Kunne ya rasu. Ta rufe keken ɗinki da zane, ta ɗauki mayafi.

Garejin ya yi kwana takwas a rufe. Jikar takan tambaya ina Baba mai bango, Tela ta ce ya tafi. Yarinyar ta ce, "Bai ɗauki kujerarsa ba."

Ran na tara, da sanyin safiya, Tela tana yanka wuyan riga sai ta ji. Ɗaya, biyu, uku. Bugun bai kai na da ƙarfi ba. Ta daɗe riƙe da almakashin kafin ta buga sau biyu.

Fanka ta tashi, inji ya biyo ta. Ƙarar ta fara hawa, gwangwani ya kama kaɗawa. Tela ta san wurin shaƙuwar kamar yadda ta san matakalar gidanta, ta riƙe numfashi tana jiransa. Gwangwanin ya wuce wurin yana zirrr, bai ɗauke ba, har ƙarar ta kai ƙololuwa ta gangaro.

Can sai ga Auta a bakin ƙofa da takardar da kwamfuta ta fitar, idonta jajur.

"Inna, kin ga layin…"

"Na ji, 'yar nan. Zauna."

Auta ta dubi kujerar robar, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

Yarinyar ta sauka daga tabarma, ta je ta jingina kunne a bango, duk da babu sauran abin ji. Ta juyo ta ce, "Ya daina shaƙuwa." Sannan ta dubi kujerar, ba ta sake tambaya ba. Ta gane cewa babur ɗin ya warke, kuma mai kujerar ba zai zo ɗauka ba.