Bango Tsakanin Shago da Ɗakin Inna

Shagon Mai Kujeru da gidansa rufi ɗaya suke. Shago yana kallon titi, ɗakin mahaifiyarsa yana bayansa, tsakaninsu kuwa ƙofa ce marar murfi da aka rataya wa tsohon labule. Tun da ƙafafun Inna suka ƙi, bakin labulen nan ya zama mazauninta. Da safe matarsa za ta kamo ta, ta zaunar da ita a wata kujera da aka kawo gyara mai ita bai dawo ba, ta wuni tana kallon ɗanta yana yanka soso, yana shafa gam, yana jan yadi.

Da kallon kawai take yi, da da sauƙi. Inna ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Mutum da furfura a gemu, sai ta ƙwala masa kira a gaban masu saye: "Auta, yadin nan ya karkace, ko ido ne ya fara yi maka gardama?" Mutane su kwashe da dariya, shi ya yi yaƙe, ransa yana tafasa. Akwai ranar da ta gaya wa wani mai ciniki cewa katakon ɗanye ne, ya jira ya bushe. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona masa rai.

Ana nan sai ga jami'a daga ofishin kula da gine-gine. Ranar Inna ba ta fito ba, tana kwance a ciki. Jami'ar ta dubi tulin soso da gwangwanayen gam, ta dubi labulen, ta tambaya ko ɗakin wa ne, ya ce na mahaifiyarsa ne, a bakin labulen take wuni.

"Malam," in ji ta, "mu kowane wuri da abin da ake yi a cikinsa muke sanin ajinsa. Nan wurin sana'a ne, cike da kaya masu saurin kama wuta. Can wurin kwana ne. Ba a hana su zama gini ɗaya ba, amma sai an raba su, don in wuta ta tashi nan kada ta isa can kafin mutane su fita. Labule ba ya tare komai."

"To yaya zan yi, ranki ya daɗe?"

"Ko ka toshe da bulo har sama, ko ka sa ƙofar ƙarfe mai jure wuta, mai rufe kanta. In ƙofar ce, Mama za ta riƙa shigowa ta zauna yadda ta saba, a dai rufe bayanta."

Mai Kujeru ba mugu ba ne, ba kuma kuɗin ƙofa ne ya rasa ba. Gajiya ya yi da Auta, Auta. Da ya shiga ɗakin sai ya kai rabin saƙo.

"Inna, doka ce. Sun ce sai bango."

Ta ɗan dube shi, ta ce, "To, Auta. Doka ai ba a ja da ita."

Magini ya zo ya jera bulo, ya shafe da siminti, aiki ya yi kyau. Daga ranar, mai son zuwa ɗakin Inna sai ya fita titi, ya bi lungu, ya shiga ta ƙofar gida. Ba wata tafiya ba ce ga mai ƙafa. Ita dai ta fi ƙarfinta, shi kuma kullum akwai kujerar da za a zo ɗauka.

Sai ta koma buga bangon da sandarta. Da fari yakan amsa da guduma, ta sake bugawa, ya yi murmushi. Daga baya in aiki ya yi yawa sai ya ƙyale. Shago ya yi tsit yadda yake so, amma masu saye ba su daina tambaya ba: "Ina tsohuwar nan mai ban dariya?" Bugun ya riƙa raguwa har ya daina, shi kuwa bai san ranar da ya daina ba. Kafin shekara ta zagayo Inna ta rasu.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, ya koma shago, aiki ya ƙi yiwuwa. Da ya ɗaga guduma sai idonsa ya kai kan bangon, ya ajiye ta. Da rana matarsa ta zagayo ta kawo masa ruwa, ta same shi zaune a kujerar Inna.

"Zan fasa bangon nan," ya ce. "Akwai ƙofar da aka yarda a sa. Ban gaya muku ba."

"Mun sani, Baban yara."

Ya ɗago kai.

"Ranar da jami'ar ta zo idon Inna biyu, ta ji komai ta labule. Na so in yi maka magana, ta hana ni. Ta ce in bar ka, bakinta ya ishe ka, kai ma ka huta."

Ya juya ya dubi bangon. Can ya ce, "Duk da haka zan sa ƙofar."

Matarsa ta ajiye kofin a gefensa, ta goge ido da bakin mayafinta.

"Ka sa, Baban yara. Amma wa zai shigo ta cikinta?"