Gangaren Ngaundere

Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da Hamajoda. Ya fizgo sitiyari, bas ɗin ta koma kan kwalta. A baya wata mata ta yi salati.

"Direba, mutane ka ɗauko fa, ba buhunan masara ba," in ji wani Alhaji mai goro.

"Rami na kauce wa."

Babu rami. Dairu, mijin 'yarsa, wanda kamfani ya haɗa su a matsayin direba na biyu, yana zaune a gefensa. Ya san babu rami. Ya kafa wa hanya ido.

Tun shigowar bazara Hamajoda bai yi barcin kirki ba. Kowace shekara haka ne. Da zafin garinsu Garwa ya kankama, yana kwanciya ƙafafunsa za su fara. Ba ciwo ba ne. Wani abu ne kamar tururuwa na yawo a cikin ƙwauri, ba ya lafawa sai ya tashi ya taka. Yakan kwana yana zagaya tsakar gida. Matarsa Astajam ta gaji da shan shuri, ta ja tabarmarta ƙarƙashin mangwaro. A asibiti sun ce jininsa ya yi ƙasa, ya bar shayi. Ya bar asibitin.

In ruwa ya sauka abin zai tafi da kansa. Amma ruwa da saura, gangaren dutsen Ngaundere kuwa yana gabansu, da lanƙwasoshinsa da kwazazzabon da ke cin manyan motoci.

Ya san bai kamata ya sauka da mutane a haka ba. Amma mutum ko abinci ba ya ci a gaban surukinsa, balle ya ce masa barci yake ji. Shi ma Dairu ba shi da bakin da zai ce wa uban matarsa ya ba shi wuri.

Idanun Hamajoda suka sake nauyi. Ya ciji leɓe har ya ji gishiri.

"Baba, a ɗan tsaya," Dairu ya ce a hankali. "Kamar na ji tayar baya."

Suka sauka su biyu. Dairu ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa tayar da ba ta da komai. Bai ɗago kai ba.

"Baba, roƙo gare ni. Hannuna bai faɗa ba a gangaren nan. Ina so in saukar da ita kana kusa, ka riƙa gyara mini."

Hamajoda ya dube shi. Shekara da shekaru Dairu ya yi yana sauka wannan dutse da tirelar auduga. Ke nan Astajam ta gaya wa 'yarta ba ya barci, 'yar ta gaya wa mijinta. Kalma ɗaya ta isa ta mayar da Dairu kujerarsa. Hamajoda ya ɗaga kai. A tagar da ke samansu wata mata na yi wa jaririnta fifita da bakin zane.

"Dama na lura kana cin birki da yawa," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Hau."

Da Dairu ya zauna a bayan sitiyari, mai goro ya leƙo. "Tsoho ya gaji ke nan?"

"Jarrabawa ake mini, Alhaji. Ka yi addu'a in ci, kai ma kana ciki."

Aka yi dariya kaɗan. Hamajoda ya zauna a kujerar gefe, ya jingina kai, ya rufe ido. Ko lanƙwasar farko ba su kai ba tururuwar ta taso daga idon sawu. Ya murza ƙwauri. Ya naɗe ƙafa, ya miƙe ta. Daga ƙarshe ya tashi tsaye, ya kama ƙarfen bakin ƙofa, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. Kwazazzabon ya buɗe a gefensu.

"Giya ta biyu," ya ce.

Tuni Dairu ya sa ta.

"To, Baba."